Masar Ta Da Ba Fir'auna Kaɗai Ba Ce

Idan Bahaushe ya so ya kai maƙura wajen aibanta mai mulki, sai ya kira shi Fir'auna, ya kira halinsa fir'aunanci. Kalmar ta zauna daram a cikin harshe, har yaro ƙarami ya san ba yabo ba ce. To, ba laifi ba ne harshe ya ɗauki suna ya mai da shi zagi, kowane harshe yana yin haka. Inda gizo yake saƙar shi ne, wannan kalma guda ta haɗiye wa ɗalibai da yawa tarihin ƙasa sukutum. In aka tsai da ɗalibi a bakin ɗakin karatu aka tambaye shi abin da ya sani game da Masar ta zamanin da, da wuya amsarsa ta wuce abu uku: azzalumin sarki, da bayi masu jan duwatsu ana tsula musu bulala, da gumaka masu kan dabbobi. Wannan sani bai isa a shiga jami'a da shi a fito da shi ba, alhali kuwa Misirawan da kansu sun bar rubuce-rubucen da suka isa su gyara shi.

Tun da fari ya kamata a rarrabe abu biyu. Fir'aunan da Alƙur'ani mai girma ya ba da labarinsa sarki ɗaya ne, na zamanin Annabi Musa, kuma ba a ambaci sunansa na yanka ba. Sarkin zamanin Annabi Yusufu kuwa ba a ma kira shi Fir'auna ba, da sarki aka ambace shi. Hukuncin da ya hau kan wancan azzalumi yana nan, ba mai ja da shi. Amma mulkin sarakunan Masar ya fara ne wajen shekara ta 3100 kafin Miladiyya, sa'ad da Narmar ya haɗa kudu da arewa, bai kuwa ƙare ba sai da sarauniya Kiliyobatra ta mutu a shekara ta 30 kafin Miladiyya. Watau shekara dubu uku ke nan, da gidajen sarauta talatin bisa lissafin Maneto, wani malamin ɗakin bauta da ya rubuta tarihin ƙasarsa da Girkanci. Tsakanin Kiliyobatra da ginin babbar dalar Giza ya fi tsakaninta da yau nisa. Ita kanta kalmar Fir'auna asalinta “babban gida” take nufi, watau fada, sai can wajen gidan sarauta na 18 aka fara kiran sarki da ita. Saboda haka Kufu mai babbar dala bai taɓa jin an kira shi Fir'auna ba.

Akwai dalilin da ya sa duniya ta daɗe tana jin labarin Masar daga bakin wasu. Rubutun zane na Misirawa ya mutu. Na ƙarshe da aka sassaƙa yana tsibirin Fila ne, an yi shi a shekara ta 394 Miladiyya, daga nan aka shafe fiye da shekara 1,400 babu mai iya karanta shi, ko da yake wasu malaman Larabawa irin su Ibn Wahshiyya sun gwada. Sai a 1822 wani Bafaranshe, Champollion, ya buɗe sirrinsa da taimakon dutsen Rashid, wanda sojojin Faransa suka tsinta a 1799, mai ɗauke da sanarwa ɗaya cikin rubutu iri uku, ɗaya daga ciki Girkanci. Kafin wannan lokaci madogarar kowa ita ce baƙi irin su Hirodotas Bagirke, wanda ya ziyarci Masar wajen shekara ta 450 kafin Miladiyya, bai iya harshen ƙasar ba, ya rubuta abin da tafintoci suka faɗa masa. Shi ne ya ce mutum 100,000 suka yi aikin babbar dala, alhali ya zo bayan ginin da shekara dubu biyu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma yau shekara ɗari biyu ke nan da mai waƙar ya buɗe baki.

A ɗauki zancen dalar. An gina ta wajen shekara ta 2560 kafin Miladiyya, da duwatsu kimanin miliyan 2.3, tsawonta na asali ya kai mita 146. A 1990 aka gano maƙabartar maginan a kudu da ita, an ce dokin wani mai yawon buɗe ido ne ya yi tuntuɓe da katangar tubali. A kusa da nan kuma aka haƙo garin da suka zauna, da gidajen gasa burodi, da tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da awakin da aka yanka musu. A jikin ƙwarangwal ɗin wasu an ga karayar da aka ɗora ta warke, alamar akwai masu ɗori a wurin aikin. Rukunonin ma'aikata suna da sunayen da suka rubuta a jikin duwatsu, wasu suna kiran kansu Abokan Kufu, wasu a wata dalar suna kiran kansu Mashayan Mankaura. Daɗin daɗawa, a 2013 aka samu wasu takardun fafirus a Wadil Jarf, bakin Bahar Maliya, waɗanda su ne mafiya tsufa da aka sani masu rubutu a kai. A cikinsu akwai littafin aikin wani jami'i mai suna Merer, shugaban mutum kamar arba'in, yana rubuta kowace rana yadda suke ɗauko farin dutse a jirgin ruwa daga Tura su kai Giza. Masana yanzu suna ƙiyasta ma'aikatan tsakanin 20,000 da 30,000.

Kada mai karatu ya yi saurin cewa ashe aikin gayya ne. Ba gayya ba ce, domin mai gayya yana iya ƙin zuwa. Aikin tilas ne da hukuma take ɗora wa talakawa bi da bi, kamar haraji. Wata takarda ta zamanin daular tsakiya, wadda take ajiye a Buruklin ta Amurka, ta jera sunayen mutum 76 da suka gudu daga aikin hukuma, kuma al'ada ita ce a tsare iyalin wanda ya gudu har sai ya komo. Bayi kuma akwai su, musamman fursunonin yaƙi a zamanin sabuwar daula. Abin da shaida ta nuna shi ne, mai ginin dala talaka ne ɗan ƙasa, ana tilasta shi, ana ciyar da shi, ana yi masa magani, in ya mutu a bisne shi kusa da kabarin sarkinsa da tulun giya da burodi. Wannan ya fi hoton bulala wuyar fahimta, shi ya sa ya fi cancanta a tsaya a kansa.

Amma inda muryar talakan Masar ta fi fita sarai shi ne wani ƙauye da ake kira Dairul Madina yanzu, a yammacin kogin Nilu, daura da birnin Luksor. Mazaunansa su ne masu sassaƙa da zanen kaburburan sarakuna a Kwarin Sarakuna, sun zauna a wurin wajen shekara ɗari huɗu. Gidaje kamar saba'in ne cikin ganuwa. Da yake sana'arsu ta haɗa da rubutu, masu karatu a cikinsu sun fi na sauran ƙauyuka yawa, kuma da yake fafirus yana da tsada, sai su yi rubutu a kan tsingaro da ɓallin dutse su yar. Bernard Bruyère, wanda ya yi haƙa a wurin daga 1922 zuwa 1951, ya kwaso dubbansu, da yawa daga wani ƙaton rami da aka mai da shi juji. Abin da mutanen suka zubar a matsayin shara shi ne ya zama taskar masu tarihi.

Daga waɗannan tsingaraye aka san albashinsu. Ba a yi kuɗin ƙarfe ba tukuna, da hatsi ake biya: ma'aikaci yana karɓar buhu huɗu na alkama da buhu ɗaya da rabi na sha'ir kowane wata, buhu ɗaya kuwa ya kusa lita 77, ban da kifi da kayan lambu da itace da ruwan da ake kawo musu a kan jakuna. Makonsu kwana goma ne. Akwai wani ɓallin dutse a gidan tarihi na Landan, na shekara ta 40 ta mulkin Ramsis na biyu, wanda magatakarda ya jera sunayen ma'aikata arba'in da ranakun da kowa ya yi fashi da dalilinsa. Wannan ciwon ido, wancan kunama ta harbe shi, wani yana shirya gawar ɗan'uwansa, wani kuma yana gida yana dafa giya. Duk wanda ya taɓa ganin rajistar ma'aikata zai gane takardar nan take, har da irin uzurorin da ake zargin ƙagaggu ne.

A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na uku, wajen 1157 kafin Miladiyya, hatsi ya ƙi zuwa a kan kari. Da wata ya yi kwana goma sha takwas ba a biya su ba, sai ma'aikatan suka ajiye kayan aiki, suka ƙetare shingayen masu gadi, suka je bayan ɗakin bautar Tutmos na uku suka zauna. Manya suka zo suna lallashi, har da rantsuwa, suka ƙi tashi. A kwanakin da suka biyo baya suka matsa zuwa ɗakin bautar Ramsis na biyu, inda manyan rumbuna suke, suka ce yunwa da ƙishirwa suka koro su, ba tufafi, ba mai, ba kifi, ba ganye, a rubuta wa sarki da waziri. Aka ba su hatsin watan da ya wuce. Abin mamaki, shugaban 'yan sandan yankin da kansa, Mentumos, ya ba su shawara su kulle gidajensu su fito da mata da yara, shi zai shige musu gaba. Suka yi ta maimaita wannan zaman dirshan cikin watannin da suka biyo baya. Magatakarda Amannakt ne ya rubuta labarin, takardar tana birnin Turin na Italiya, kuma shi ne yajin aiki mafi daɗewa da tarihi ya adana. Babu inda takardar ta ce an kashe wani ko an ɗaure shi saboda wannan. Shi sarkin ma bai wanye lafiya ba: bayan shekara uku wata matarsa mai suna Tiye ta ƙulla masa makirci don ɗanta ya hau gado, kuma hoton asibiti da aka ɗauki gawarsa, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2012, ya nuna an yanke masa maƙogwaro. Ga wanda ake cewa talakawansa suna ɗaukarsa abin bauta.

A ƙauyen nan ne kuma wata tsohuwa mai suna Naunakt ta tsaya gaban majalisar shari'a a shekara ta 3 ta mulkin Ramsis na biyar, ta yi wasiyya. 'Ya'ya takwas ta rena, ta ce wasunsu ba su kula da ita ba da ta tsufa, saboda haka ta cire su daga gadon dukiyarta, ta ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Majalisa ta shaida, aka rubuta. Mace a Masar tana mallakar gona da gida da sunanta, tana saye da sayarwa, tana kai ƙara, tana ba da shaida, abin da matan Atina ba su samu ba bayan shekara ɗari bakwai. Muƙaman hukuma dai na maza ne, sai 'yan kaɗan irin Hatshafsut da ta hau gadon sarauta, ita ma sai da aka sassaƙa ta da gemun sarakuna.

Me ya ba ma'aikaci ƙarfin halin zama a ƙofar rumbun sarki? Amsar tana cikin addininsu, a wurin da ɗalibi bai cika dubawa ba saboda kan dila da kan shaho sun ɗauke masa hankali. Lalle Misirawa masu bautar alloli da yawa ne, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, ba kuma abin da za a yi wa kwaskwarima ba. Amma ginshiƙin tunaninsu wata kalma ce, ma'at, wadda ta haɗa gaskiya da adalci da tafiyar duniya bisa ƙa'ida. Fitowar rana ma'at ce, cikar Nilu a kan lokaci ma'at ce, cika mudu ma'at ce. Aikin sarki na farko shi ne ya tsai da ita ya kori kishiyarta, isfet, watau ɓarna da hargitsi. A bangon kabarin waziri Rakmira an rubuta gargaɗin da sarki yake yi wa sabon waziri, cewa ya ɗauki wanda ya sani da wanda bai sani ba daidai. Sunan ƙauyen ma'aikatan na asali ma Wurin Ma'at ne. Don haka da hatsi ya yanke, a ganinsu ba su ne suka karya doka ba, hukuma ce ta saki abin da aka naɗa ta ta riƙe.

Wannan tunani ya bi su har kabari. A littafin da Turawa suka laƙaba wa suna Littafin Matattu a 1842, wanda su masu shi suke kira fitowa da rana, an zana yadda ake ɗora zuciyar mamaci a mizani, a ɗora gashin jimina na ma'at a ɗaya gefen, gaban Usiris da alƙalai 42. Mamaci zai yi ta kore wa kansa laifuffuka, kuma yawancinsu na zaman tare ne: tauye mudu, da taɓa ma'auni, da cin iyakar gona, da tare ruwa a lokacin ban-ruwa, da hana jariri nono, da sa wani kuka. Wanda zuciyarsa ta yi nauyi, wata dabba mai kan kada ta haɗiye ta, shi ke nan ya shafe. Sai dai ɗan Adam ba ya rasa dabara. Masu hali sukan sa a ɗora musu laya mai siffar buzuzu a ƙirji, da rubutun da yake roƙon zuciya kada ta ba da shaida a kan mai ita. Mutanen da suka yi imani da mizani su ne kuma suka nemi hanyar toshe bakin shaida, kuma mai kuɗi ne kaɗai yake iya sayen layar.

Adabinsu bai rufe ido ga wannan ba. Akwai wani labari da aka rubuta wajen 1850 kafin Miladiyya, na wani baƙauye mai suna Kunanuf da ya ɗoro kaya a jakunansa daga Wadin Natrun zai kai kasuwa. Wani bara na babban mutum, Namtinakt, ya yi kwaɗayin kayan, sai ya shimfiɗa zane a kan siririyar hanya, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya gonarsa ta sha'ir. Ana cikin gardama jaki ya kai baki ya tsinki sha'ir, Namtinakt ya samu hujja, ya yi wa baƙauye duka ya ƙwace jakunan. Baƙauye ya kai kuka wurin uban gidan baran, Rensi, ya yi magana mai ratsa jiki har labari ya kai kunnen sarki. Sarki ya ce kada a ba shi amsa, a bar shi ya yi ta magana ana rubutawa, a riƙa ciyar da shi da iyalinsa a ɓoye. Sau tara yana komowa, harshensa yana ƙara kaifi, yana kamanta alƙalai da mizanin da ya karkace, har aka sa aka yi masa bulala, kafin daga bisani a ba shi dukiyar wanda ya zalunce shi. Mai lura zai ga marubucin ya soki kowa, har sarkin da ya jinkirta adalci don jin daɗin fasahar mai kuka.

Bayan an faɗi wannan duka, akwai wani ramin a ɗaya gefen hanya, shi ne na masu gudu daga zagin Masar su faɗa cikin kambama ta. Wasu masana sun ƙiyasta cewa masu karatu a tsohuwar daula ba su wuce mutum ɗaya cikin ɗari ba, manomin da ya ciyar da kowa bai bar ko harafi ba. Babbar takardar Harris ta nuna ɗakin bautar Amun kaɗai yana da mutum fiye da 80,000 a ƙarƙashinsa a zamanin Ramsis na uku, watau a daidai lokacin da ma'aikata suke kukan yunwa. Akinaton, wanda ya yi mulki wajen 1353 zuwa 1336 kafin Miladiyya, ana yawan yabonsa da cewa shi ya fara kiran bautar ubangiji ɗaya. Abin da ya kira a bauta wa faifan rana ne, Aton, kuma shi da iyalinsa ne suke tsaye tsakanin Aton da jama'a. Maƙabartun talakawan sabon birninsa na Amarna, waɗanda aka fara haƙa a 2006, sun nuna ƙasusuwan yara da samari masu alamun yunwa da ɗaukar kaya fiye da ƙima. In ana neman fir'aunanci a ma'anar Bahaushe, ga shi nan a wurin sarkin da aka fi yabo.

Ɗalibin sashen Hausa yana da wani dalili na musamman da zai sa ya kula da wannan fage. A rabe-raben harsunan Afirka da Greenberg ya fitar a 1963, harshen Misirawan da da Hausa da Larabci da harsunan Buzaye duk dangi ɗaya ne. Ana ganin alamun dangantakar a harafin t na tamata, da k na wakilin suna kamar a “gidanka”, da kalmomi irin su mutu da huɗu, waɗanda suke da takwarori masu kama da su a tsohon harshen Masar. Amma dangantakar harshe ba salsalar jini ba ce, kuma rabuwar rassan ta riga sarautar Narmar da dubban shekaru. Wanda ya tsinci kalma biyu masu kama da juna ya ce Hausawa jikokin Fir'auna ne, ya bar ilmi ya koma tatsuniya. Muhawarar da Shaihu Anta Diyof ya tayar a taron Alƙahira na 1974 game da matsayin Masar a tarihin Afirka ta cancanci a karanta ta da idon basira, a ɗauki abin da hujja ta tsayar, a ajiye saura.

Aikin da ya fi wannan amfani, kuma yake daidai ƙarfin ɗalibin shekarar ƙarshe, shi ne ya ɗauki labarin baƙauyen nan ko takardar yajin aikin ya mai da su Hausa daga fassarorin da suke akwai, ya kwatanta koken Kunanuf da yadda mawaƙan wa'azi suke yi wa alƙalai hannunka mai sanda. Zai fara cin karo da matsala tun a kalmar ma'at. In ya ce gaskiya, cikar kogi ta fita daga ciki. In ya ce adalci, fitowar rana ta fita. Daidaito ya fi kusa, amma ba a cewa mutum ya faɗi daidaito, ba a kuma ɗora shi a mizani, sai dai mai fassara ya zaɓi ɗaya a kowane wuri ya kare zaɓinsa gaban malamansa.